Gidan Saye, Yaɓen Aro: Tsokaci Kan Sabunta Manhajar Waya Da Gasar Masu Ita

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa ginin ƙasa ba a gama shi rana ɗaya a huta. Da zarar bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai maigida ya kira magini, a kwaɓa ƙasa, a bi bango ana toshe tsaga, a gyara bakin indararo, a shafe soro da makuba. Wannan aiki shi ake kira yaɓe. Gidan da aka shekara biyu ko uku ba a yi masa shi ba, ko da gwanin magina ne ya ɗora tubalinsa, damina ce za ta yanke masa hukunci.

Wayar hannu irin ta zamani, wadda jama'a suka laƙaba wa suna komai-da-ruwanka, da ƙarfe da gilashi aka ƙera ta, amma kuwa halinta na gidan ƙasa ne. Ita ma tana bukatar yaɓe a kai a kai, watau abin nan da ake kira sabunta manhaja, wanda kan zo wa mai waya a matsayin ɗan saƙo mai neman izni, shi kuwa sau da yawa ya ture shi gefe don tsoron ƙarewar data. Sai dai akwai babban bambanci a tsakani. Mai gidan ƙasa shi ke kiran magini ranar da ya ga dama, in ma ba shi da kuɗi ya tuɓe riga ya kwaɓa ƙasa da kansa. Mai waya kuwa ba shi da wannan iko. Ya biya kuɗi ya sayi gida, amma ƙasar yaɓen da maginin duka suna hannun wani kamfani a wata uwa duniya, kuma ranar da kamfanin ya ce ya daina, to, ya daina ke nan.

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a duba yadda sabunta manhaja ya zama babban makami a gasar da kamfanonin waya ke yi, da waɗanda gasar ta kayar, da waɗanda suka rage, sa'an nan a ga inda abin ya taɓa aljihun Bahaushe da kuma harshensa.

Uwar Manhaja Da Sabunta Ta

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace kalmomi. Kowace waya tana da gangar jiki, watau gilashi da batir da kyamara da 'yar ƙwaƙwalwar da ke ciki. Sa'an nan akwai manhaja, watau jerin umarnin da aka rubuta domin gaya wa waɗannan sassa abin da za su yi. Manhaja iri biyu ce. Akwai ƙanana, irin su WhatsApp da Facebook da manhajar banki, waɗanda mutum ke saukewa ya goge yadda ya so. Akwai kuma babba guda ɗaya wadda duk sauran ke zaune a kanta, ita ke raba musu wuri, ita ke ba su iznin taɓa kyamara ko lambobin mutane. Wannan ita za a kira uwar manhaja a nan. Android da iOS su ne misalanta da aka fi sani a yau.

Uwar manhaja rubutun ɗan Adam ce, layi miliyoyi, shi kuwa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Saboda haka ba a rasa kuskure a cikinta. Wani kuskuren bai wuce ya sa waya ta riƙa tsayawa ba, wani kuwa ƙofa ce ga ɓarawo, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Alal misali, a watan Yuli na 2015 wani mai bincike, Joshua Drake, ya bayyana wata tsaga a cikin Android da aka sani da sunan Stagefright. Ta wannan tsaga, mai kutse na iya shiga waya da saƙon bidiyo guda ɗaya, ko da mai wayar bai buɗe shi ba, kuma an ƙiyasta cewa wayoyi kimanin miliyan 950 abin ya shafa. Bayan wannan ne Google da Samsung suka ɗauki alkawarin aiko da gyaran tsaro kowane wata.

Ke nan sabuntawa ma iri biyu ce. Akwai ƙaramar, ta toshe tsaga, wadda kan zo wata-wata. Akwai kuma babbar, ta shekara-shekara, wadda ke sauya zubin uwar manhajar ta ƙara mata sababbin dabaru. Wani abin lura kuma shi ne, ƙananan manhajoji bin uwa suke yi. Masu rubuta su ba za su iya ci gaba da kula da kowane tsohon zubi har abada ba, don haka lokaci-lokaci sukan sanar da cewa daga rana kaza sun saki duk wayar da ba ta kai zubi kaza ba. Wayar da aka daina sabuntawa ba ta mutuwa rana ɗaya. Yau wannan manhaja ta ƙi buɗewa, gobe waccan, har ta koma tocila da rediyo.

Waɗanda Gasa Ta Kayar

Lokacin da aka buɗe layukan salula a Nijeriya a watan Agusta na 2001, sunan da ya cika kasuwa shi ne Nokia, kamfanin ƙasar Finlan. Har yau ana tuna 'yar ƙaramar nan mai tocila wadda kan yi kwanaki ba a yi mata caji ba. Manyan wayoyin kamfanin, irin su N95 da E71, suna tafiya ne da uwar manhaja mai suna Symbian, kuma a ƙarshen 2007 kusan waya huɗu cikin kowace goma da ake sayarwa a duniya ta Nokia ce. A watan Janairu na wannan shekarar ne Steve Jobs na kamfanin Apple ya nuna wa duniya iPhone. A 2008 kuma waya ta farko mai ɗauke da Android ta fito, watau HTC Dream. Ita Android wani ɗan ƙaramin kamfani ne ya fara aikinta, Google ya saye shi a 2005.

Abin da sababbin shigar suka zo da shi, wanda ya fi gilashin shafawa muhimmanci, shi ne kasuwar manhajoji. Apple ya buɗe tasa a watan Yuli na 2008, Google ya biyo baya bayan 'yan watanni. Daga nan gasa ta sauya fage. Mai saye yana zuwa inda manhajoji suka fi yawa, mai rubuta manhaja kuma yana zuwa inda masu saye suka fi yawa, kamar dai yadda kasuwar ƙauye ke ci: 'yan koli na bin jama'a, jama'a na bin 'yan koli, kasuwar da ta fara raguwa kuwa ba ta daɗewa sai ta watse. Symbian tun zamanin madannai aka gina ta, ga ta a rarrabe kashi-kashi, rubuta mata manhaja kuma jan aiki ne. Kafin 2010 ta ƙare Android ta sha gabanta. A watan Fabrairu na 2011 shugaban Nokia, Stephen Elop, ya rubuta wa ma'aikatansa takarda inda ya kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye a kan dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, wuta na ci, ba shi da zaɓi sai ya faɗa ruwa. Kwanaki kaɗan bayan haka Nokia ya sanar da cewa zai koma ga uwar manhajar Microsoft. Nokia 808 ta 2012 ita ce autar Symbian.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. BlackBerry, wayar wani kamfani na ƙasar Kanada, ta yi tashe a Nijeriya wajen 2010 zuwa 2013, har masu shirya fim a Kudu suka yi fim da sunanta a 2011. A lokacin, saurayi ba ya cika ɗan birni sai ya iya tambayar lambar BBM, watau hanyar hira da ba a samu sai a wannan waya. Amma kamfanin ya makara wajen sake ginin uwar manhajarsa, sabuwar ba ta fito ba sai a watan Janairu na 2013, lokacin da 'yan koli suka riga suka kwashe kayansu. WhatsApp ya sake ta a ƙarshen 2017, aka rufe BBM ta gama-gari a ranar 31 ga Mayu, 2019. A ranar 4 ga Janairu, 2022 kuma kamfanin ya kashe na'urorin da tsofaffin wayoyinsa ke dogaro da su, duk da cewa da yawansu ko ƙwarzane babu a jikinsu.

Labarin Windows Phone shi ya fi dacewa da zancen wannan maƙala. Microsoft ba ƙaramin kamfani ba ne, kuma uwar manhajar da ya fitar a 2010 masana da dama sun yaba da tsarinta. Nokia ya ɗora ta a kan wayoyinsa masu suna Lumia. To, a watan Afrilu na 2012 aka fara sayar da Lumia 900 a Amurka, da talla kamar ba gobe. A watan Yuni, watau bayan wata biyu, Microsoft ya sanar da sabon zubi mai suna Windows Phone 8, ya kuma ce wayoyin da ke hannun mutane ba za su same shi ba. Mutumin da ya sayi waya jiya, yau aka ce masa ta zama tsohon yayi. Aka sake yi wa masu Lumia da yawa irin wannan a 2016, da Windows 10 ta waya ta fito. Ga kuma ƙarancin manhajoji: Google bai yi musu manhajar YouTube tasa ba, da Microsoft ya yi tasa a 2013 Google ya toshe ta. Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014 a kan kuɗi sama da dala biliyan 7, shekara guda bayan haka ya rubuta kusan duk kuɗin a shafin asara, a ƙarshen 2019 kuma aka rufe babin. Dalilan faɗuwar suna da yawa, amma wanda aka yasar sau biyu da wuya ya dawo na uku, kuma wannan yana daga cikin manyansu.

Sarakuna Biyu Da Suka Rage

Da ƙura ta lafa, sai aka ga saura biyu. Kimanin waya bakwai cikin goma a duniya Android ce, mafi yawan ragowar kuma iOS. Hanyoyin da suke bi wajen sabuntawa sun sha bamban ƙwarai, kuma bambancin ya samo asali ne daga inda kowannensu ke samun abincinsa.

Apple gida guda ne. Shi ke tsara wayar, shi ke tsara ƙwaƙwalwarta, shi ke rubuta uwar manhajar, kuma ba ya ba kowa ita. Idan ya gama sabon zubi, yawanci a watan Satumba, sai ya aika wa duk wayoyin da suka cancanta a rana ɗaya, daga Kalifoniya har Kano. Tun da yana ci gaba da samun riba daga mai wayar bayan ciniki, ta hanyar kamashon da yake karɓa a kasuwar manhajojinsa da sauran hidimomi, yana da dalilin riƙe tsohuwar waya da rai. IPhone 5s da ta fito a 2013 ta sami manyan sabuntawa har zuwa 2018, kuma a watan Janairu na 2023 ma an aika mata da gyaran tsaro.

Google kuwa kyauta yake ba masu ƙera waya Android, domin ribarsa tana cikin bincike da talla da kasuwar manhajoji ta Google Play. Wannan kyauta ce ta sa Android ta game duniya, ta sa talaka ya riƙe babbar waya, amma ita ce kuma ta tsawaita hanyar sabuntawa. Idan Google ya gama gyara, sai ya miƙa wa masu yin ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek, su daidaita shi da kayansu. Daga nan sai mai ƙera wayar ya karɓa, ya ɗora nasa kwalliyar, ya gwada a kan kowane samfuri cikin gommai da yake da su. A wasu ƙasashe ma sai kamfanin layi ya sa hannu. Saƙon da ya bi ta hannu uku ko huɗu ba ya isa da wuri, wani lokaci ma ba ya isa sam. Daɗin daɗawa, mai ƙera waya mai araha ya riga ya ci 'yar ribarsa ranar ciniki, kowace sabuntawa bayan nan kashe kuɗi ce gare shi, kuma zai fi so mai wayar ya dawo ya sayi sabuwa.

Google ya yi ƙoƙarin rage wannan hanya. A 2017 ya raba uwar manhajar da sashen da ya shafi ƙwaƙwalwar waya, domin a iya sauya ɗaya ba tare da jiran ɗayan ba. A 2019 kuma ya fara aika wasu muhimman gyare-gyare kai tsaye ta Google Play. Sannu a hankali yawan shekarun sabuntawa ya zama abin talla. A watan Oktoba na 2023 Google ya yi wa wayarsa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai, a watan Janairu na 2024 Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24. A nan gasa ta amfani mai saye, babu shakka, sai dai waɗannan wayoyi ne na masu hannu da shuni. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su bar abin ga alkawari ba. Daga ranar 20 ga Yuni, 2025 dokarsu ta wajabta wa duk mai sayar da sabuwar waya a can ya ci gaba da samar da sabuntawarta aƙalla shekara biyar bayan ya daina sayar da samfurin.

Wuƙa Mai Baki Biyu

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da sabuntawa ta kawo alheri ne. Hannun da ke iya shiga waya daga nesa ya gyara, yana iya shiga ya rage. A watan Disamba na 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya aika a farkon shekarar tana rage saurin wasu tsofaffin iPhone idan batirinsu ya tsufa. Hujjarsa ita ce yana hana wayar mutuwa ba zato, kuma a fannin fasaha hujjar tana da tushe. Laifin shi ne bai gaya wa kowa ba, saboda haka mutane suka riƙa zaton wayar ce ta gaji, alhali sauya batir kawai ya isa. Kamfanin ya nemi gafara, ya rage kuɗin batir daga dala 79 zuwa 29, a watan Fabrairu na 2020 kuma hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25.

Har ila yau, abin ya kan wuce ciniki ya shiga siyasa. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Amurka ta sa kamfanin Huawei na ƙasar Sin cikin jerin waɗanda aka taƙaita hulɗa da su. Nan take sababbin wayoyinsa suka rasa Google Play da YouTube da sauran hidimomin Google, kasuwarsa a waje ta karye, ala tilas ya duƙufa kan tasa uwar manhajar mai suna HarmonyOS. Idan kamfanin da ke cikin manyan masu ƙera waya na duniya zai kwana da kyauta ya tashi babu, to, mai shago a Sabon Gari ya san matsayinsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Inda Abin Ya Taɓa Bahaushe

Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga cewa Tecno da Infinix da Itel su suka fi yawa a kan tebura, dukkansu kuwa na kamfani guda ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma dukkan manyan wayoyinsu Android ne. Sun sami karɓuwa ne da haƙƙinsu: layi biyu, batir mai jure rashin wuta, kyamarar da ta san baƙar fata, da farashin da talaka ke iya kaiwa. A gefe guda kuma ga iPhone ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, wadda ta riga ta cinye rabin shekarunta ko fiye a aljihun wani. Mai saye yakan tambayi girman ma'aji da ƙarfin batir da kyan hoto. Da wuya a ji wanda ya tambayi shekara nawa ta rage a ci gaba da sabunta ta, alhali wannan ita ce ainihin tsawon ran wayar.

A ɗauki misalin wani dattijo tela a unguwar Fagge. Shekaru da dama yana riƙe da waya guda, yana tattalinta kamar ƙwai, ya sa mata riga, ya manna mata gilashin kariya. Ta cikinta masu ɗinki ke turo masa samfurin aiki, a cikinta awon mutane yake. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ciniki ya koma ta waya, sai manhajar bankinsa ta ce sai an sabunta ta, sabuwar kuma ta ƙi zama a kan tsohuwar uwa. A watan Oktoba na shekarar kuma WhatsApp ya saki duk wayar da ba ta kai Android 5 ba, tasa na ciki. Ya ɗauke ta ya kai wa wani yaro mai gyara, yaron ya jujjuya ta ya ce, "Baba, wayarka lafiyarta ƙalau, babu abin da zan taɓa. Masu ita ne suka daina aiko mata da gyara." Dattijon ya ce, "Ɗana, wane ne masu ita? Ai ni na saya da kuɗina." Yaron bai sami amsar da zai ba shi ba, sai ya nuna masa teburin sababbi. Keken ɗinkin da dattijon ke aiki da shi ya girmi yaron nan, kuma in ya lalace akwai mai gyara a bakin titi. Wayar kuwa ba ta lalace ba, amma sai da ya taɓa jarinsa ya sayi wata.

Wanda ya ci gaba da riƙe irin wannan waya ma bai tsira ba, domin yanzu waya ita ce lalita, ita ce akwatin takardu, kuma wadda aka daina toshe wa tsaga ita ce ta fi sauƙin shiga. Ashe wanda ya fi kowa ƙarancin abin da zai yi asara, shi aka bar wa bango mafi rauni.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Tun shekarun 1930 rubutun boko yake amfani da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. A zamanin tafireta, mai buga takarda yakan gama aiki sa'an nan ya bi da alƙalami yana sa lanƙwasa da hannu. Wayoyi da yawa na farko ba su san waɗannan haruffa ba, idan aka turo su sai su fito a matsayin 'yan akwatuna fanko. Masu sana'ar suna kiran akwatunan nan da sunan awara a harshensu, saboda kamar da suka yi da yankanta, har Google ya sa wa tarin haruffansa suna Noto, wanda ke nufin babu sauran awara. Ta hanyar sabuntawa ne haruffan suka shigo waya, ta nan ne kuma aka sami allon rubutu na Hausa. Amma shekarun da aka yi babu su sun bar tabo. Jama'a sun saba da rubuta kasa a wurin ƙasa, da baki a wurin baƙi, da karya a wurin ƙarya, kuma dubban labaran da marubuta ke yaɗawa ta WhatsApp da Facebook da Wattpad haka aka rubuta da yawansu. Yaron da ya fi karatu a waya fiye da littafi, wannan ita ce ƙa'idar rubutun da idonsa ya sani. Shawarar da wani injiniya ya yanke a wata ƙasa, kan ko a sa harafi cikin wannan zubi ko a bari sai na gaba, ta yi tasiri a kan rubutun Hausa ba tare da an tuntuɓi ko malami ɗaya ba.

Kammalawa

An ga yadda gasa ta kayar da Symbian da BlackBerry da Windows Phone, da yadda Apple da Google suka raba duniya, kowanne da hanyarsa ta sabuntawa, da kuma yadda mai waya, duk da ya biya kuɗinsa, yake zaune a ƙarƙashin ikon mai yaɓe. Bahaushe ba shi da kujera a inda ake yanke wannan shawara, amma ba a ce ba shi da abin yi ba. Mai saye zai iya ƙara tambaya guda a kan waɗanda ya saba yi, watau wace shekara samfurin ya fito, kuma har yaushe aka yi alkawarin sabunta shi. Idan masu saye suka yawaita tambayar, masu sayarwa za su nemo amsa, domin haka aka yi a wasu wurare. Wanda saƙon sabuntawa ya zo wa, musamman na tsaro, kada ya yi ta ɗage shi don ƙyashin data, ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya kuma, wadda ita ke ba da iznin shigo da kowane samfurin waya, tana iya wajabta a rubuta shekarun sabuntawa a jikin kwali, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewar magani.

Sashen Hausa ma yana da nasa rabon aikin. Saƙon da ke neman iznin mai waya yawanci da Turanci yake zuwa, kuma wanda bai fahimci abin da aka tambaye shi ba, amincewarsa da ƙinsa duka a cikin duhu suke. Samar da daidaitattun kalmomi ga wannan fanni, da matsa wa kamfanoni su yi amfani da su, da koya wa ɗalibai sa lanƙwasa a waya kamar yadda suke sawa a takardar jarrabawa, duk aiki ne da ba sai an jira wani daga ƙetare ba. Allah ya sa malamai da ɗalibai su dube shi da idon basira.